Kafin a Zargi Tobo: Abin da Ke Kashe Ƙarfin Injin Gas a Hanyar Jibiya

Daga Katsina zuwa kan iyakar Magama tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba, amma duk wanda ya saba bin hanyar ya san ba wurin da mutum zai so motarsa ta ba shi kunya ba ne. Magama a ƙaramar hukumar Jibiya take. Da ka wuce shingen kwastan ka shiga Nijar, sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Ƙananan motocinmu na Najeriya yawancinsu fetur suke sha, domin shekara da shekaru fetur ne gwamnati ta riƙa yi wa tallafi, gas kuwa tun tuni aka sakar wa kasuwa shi. To amma a bakin iyaka abin ya ɗan bambanta. Ga Hilux da Land Cruiser masu lambar Nijar, ga wasu Golf da Sharan masu tambarin TDI a baya, ga kuma manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo. Mafi yawansu injin gas ne mai tobo, kuma kukan da direbobinsu suka fi zuwa da shi gareji guda ne.

“Oga, motar nan ba ta ja. Na taka totur har ƙasa, ta ƙi wuce 80.”

“Alhaji, ai tobo ne ya tafi. Sai dai a aika Ƙofar Ruwa.”

Wannan amsar ce nake da ja a kanta. Ba wai tobo ba ya lalacewa ba, yana lalacewa. Sai dai a cikin abubuwan da ke sa injin gas ya yi sanyi, tobo yana cikin mafi tsada, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa rashin laifi. Mutum zai sayar da hatsinsa ya aika Kano a sayo masa wani, a ɗaura, mota ta ci gaba da jan ƙafa, daga baya a gano wani ɗan tiyo ne da bai kai kaurin fensir ba ya tsage. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Ba kuma asarar kuɗi kaɗai ba ce. A yankin da a 2021 sai da gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda 'yan bindiga, motar da ba za ta iya zabura ba lokacin da ake bukatar ta zabura, maganar rai ce.

Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta yi zafin da idan nozul ya fesa gas a ciki sai ya kama da kansa. Saboda haka ƙarfin injin ya dogara da yawan gas ɗin da zai iya ƙonawa, yawan gas ɗin kuma ya dogara da yawan iskar da ta shiga. Aikin tobo ke nan: shi ne zugazugin injin. Farfela biyu ce a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ita kuma tana juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin injin fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma ba ta shigo ƙananan motocin gas ba sai 1978 da Mercedes 300SD, sannan Peugeot 604 a 1979. A ƙaramar mota sandar nan tana iya juyawa sama da sau 150,000 a minti, kuma ba a kan komai take yawo ba sai siririn shimfiɗin baƙin mai. Iskar da ya matsa takan yi zafi, shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wani ɗan lagireto a gaban mota, ta huce kafin ta shiga.

Idan aka fahimci wannan, binciken ya taƙaita. Ko dai iska ba ta isa, ko gas ba ya isa, ko hayaƙi ba ya samun hanyar fita, ko kuma birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya ɗaure injin da gangan. Wannan na ƙarshen shi ke rikita kanikawan da suka koyi aiki a kan tsofaffin injina. Tsohon inji mai famfon injekta na ƙarfe zalla, idan iska ta gaza masa, zai ci gaba da zuba gas, ka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Sabon inji kuwa auna iskar yake yi, idan ya ga ta ragu sai ya rage gas daidai da ita. Babu hayaƙi, babu ƙara, mota kawai ta mutu a jiki.

Bakaniken kirki ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi. Yaushe abin ya soma, a hankali ya riƙa zuwa ko rana ɗaya? A ina ka sha mai na ƙarshe? Sai da lodi ko a hawa take yi, ko ko'ina? Idan ka kashe ta ka sake tayarwa, ƙarfin yana dawowa? Kowace amsa tana rufe wata ƙofa ta buɗe wata. Sanyin da ya zo sannu a hankali cikin makonni, toshewa yake nunawa: filta, ko kunkuniya. Wanda ya zo farat ɗaya tare da ƙarar fitar iska, tiyo ne ya fashe ko ya zare. Wanda ya biyo bayan shan mai, a tuhumi man. Wanda kuma ke gushewa da an kashe an kunna, birenbos ne ya ɗaure injin, kuma yana riƙe da dalilinsa.

Kafin ma a buɗe bonet, a tabbatar injin ne. Idan allurar inji tana tashi, ƙara tana ƙaruwa, amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ya cinye. Idan bayan 'yar tafiya ka kai hannu kusa da wata ƙafa ka ji tana huci fiye da sauran, birki ne ke kamawa. Akwai kuma gaskiyar da direbobin ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, ba sa son ji: motar da aka yi don ɗaukar tan ɗaya aka ɗora mata biyu, a kan tayoyi marasa isasshiyar iska, lafiyarta ƙalau, zaluntarta aka yi.

Daga nan sai a tsaya a bayan mota a sa yaro ya taka. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya fi iska yawa, ko iskar ta gaza ko nozul yana ɗiga maimakon fesawa. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, daga taimin da ya goce ko matsin silinda da ya yi ƙasa. Fari mai kama da tururi tare da raguwar ruwan lagireto kuwa maganar gaskit ce. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Idan ba hayaƙi sam, mota kuma ba ƙarfi, a nemi matsalar ta ɓangaren gas ko birenbos. Sai dai motar da ke da matatar hayaƙi a salansa tana ɓoye duk waɗannan alamu, kada tsabtar hayaƙinta ta ruɗi kowa.

A ƙasarmu, bincike na gaske daga iyakilina, wato filtar iska, yake farawa. Daga Nuwamba zuwa Maris hazon hunturu na saukowa daga arewa maso gabas, mafi yawansa daga kwarin Bodele na Cadi, ƙura mai laushin da ke shiga ko'ina. Ƙara da hanyoyin burji na ƙauyuka, da bin bayan tirela, da motocin aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, wanda ya ratsa ta Jibiya. Littafin mota zai ce a canza filtar iska bayan tafiya kaza, amma an rubuta littafin ne da iskar Jamus a zuciya. A ciro filtar a ɗaga ta a rana. Idan haske bai ratso ta cikin ninkin takardar ba, ta gama aiki. A kuma sa yatsa a shafa cikin bututun da ke bayanta, wanda ya nufi tobo. Wannan wurin ya kamata ya kasance fes. Idan yatsa ya fito da garin ƙura, to ƙasa tana wuce filtar, ko ta huje ko murfin bai zauna ba, kuma wannan ya fi toshewa muni nesa ba kusa ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke yi da filtar nan. A kai wa mai faci ya hure ta da iskar kwamfuresa mai ƙarfi, ta yi fari a ido, alhali takardar ta yayyage ta inda ido ba ya gani. Wani ya bubbuga ta a jikin taya har bakin robar ya lanƙwashe. Wani kuma, da ya ga mota ta ɗan farfaɗo bayan an cire ta, sai ya jefa ta a but ya ci gaba da tafiya haka. Farfelar tobo ta alminiyum ce, siririya, tana juyi da gudun da na ambata. Yashi yana cin bakinta har ya dakushe, abin da ya wuce kuma ya je ya ci ringi da jikin silinda. Filta ta gaske tana da tsada, jabu sun cika kasuwa, na sani. Amma kuɗinta ko kusa bai kama ƙafar kuɗin tobo ba, balle na sauke inji.

Bayan filta sai a bi iskar duk inda ta bi. Tsakanin tobo da inji akwai tiyo-tiyo masu kauri da kilif-kilif, zafin bazara da baƙin mai suna ruɓar da robar. Tsagar takan ɓuya a ƙarƙashin lanƙwasa, ba ta buɗewa sai an matsa mata, shi ya sa mota za ta yi lafiya a tsaye ta gaza a hawa. Alamarta ita ce jiƙar mai da ƙura ta manne a wuri guda, da ƙarar huci idan an taka. Ruwan sabulu a jikin haɗin yana tona ta. Intakula ma dutse na huda shi, kuma ƙwari da ciyawa da laka suna toshe haƙarƙarinsa. Kusa da akwatin filta kuma akwai sansar da ke auna iska. Idan ƙura ta lulluɓe ta sai ta riƙa gaya wa birenbos cewa iska kaɗan ce ke shiga, shi kuma ya rage gas. A tsofaffin TDI an san dabarar zare soket ɗinta a gwada tafiya: idan mota ta fi ja ba tare da ita ba, an kama mai laifi. Ba a goge cikinta da tsumma, feshin da aka yi dominta ake sa mata.

Maganar gas a wannan yanki ba ta rabuwa da tarihin iyakar kanta. An rufe ta a Agustan 2019. A Nuwamban shekarar hukumar kwastan ta hana sauke kowane irin mai a gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, abin da ya mayar da mutanen Jibiya hannun 'yan bumburutu. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe Jibiya, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka buɗe a Maris ɗin 2024. A tsakiyar wannan kai-komo gas ya yi tashin gwauron zabi a Najeriya, ya haura naira 700 a 2022, ya wuce 1,000 kafin ƙarshen 2023. A Nijar kuwa, inda matatar SORAZ ta Damagaram ke aiki tun Nuwamban 2011, litar gazuwal, wato gas, tana sefa 538, har sai da maƙwabta suka yi ta kwasa, gwamnati ta dakatar da fitar da shi, sannan ta ƙara farashin zuwa 668 a Agustan 2022. Abin da duk wannan ke nufi ga inji shi ne gas mai yawa ya shekara yana yawo cikin jarka da duro. Ko da ya fito daga matata da tsarkinsa, duron da ya sha rana ya kwana a sanyi yana tara ruwa da tsatsa, jarkar da aka ɗebi fetur jiya an zuba mata gas yau, mazurarin da ake zubawa da shi yana ajiye a ƙasa. Ban da wanda ake sirkawa da gangan, da wanda ake dafawa a dazukan Neja Delta.

Tsohon inji irin 1HZ na Land Cruiser yana haƙuri da irin wannan mai har wani lokaci, shi ya sa mutanen daji ba sa rabuwa da shi. Injin zamani ba ya yi. Tun 1997 da Alfa Romeo 156 ta fito da tsarin da kanikawa ke kira komon-rel, famfo yana tara gas a bututu guda da matsin da ya fara daga ba (bar) 1,350, yanzu ya wuce 2,000, alhali tayar ƙaramar mota ba 2 da 'yan kai take ɗauka. Ratar da ke tsakanin ƙarafan famfon da na nozul ta fi silin gashi siranta sau da yawa, kuma gas ɗin da kansa shi ne man da ke hana su cin juna. Kananzir ko fetur ba su da wannan santsi. Ruwa kuma tsatsa yake kawowa.

Gwajin man ba wuya. A ƙasan filtar gas akwai ɗan abin murɗawa na zubar da ruwa. A tara gorar roba mai tsabta a buɗe, a ajiye ta a kan bonet na 'yan mintoci. Gas mai kyau garau yake. Idan da ruwa za ka gan shi ya kwanta a gindin gorar da layi a fili tsakaninsa da man, wani lokaci da baƙin dauɗa mai yauƙi a tsakani. A yanka tsohuwar filtar a baza takardar a rana. Idan aka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, famfo ya fara cin kansa, kuma canza filta kaɗai ba zai yi ba, sai an wanke tanki da bututu duka, in ba haka ba sababbin nozul ma za su bi sahu. A sa ɗan tiyo mai haske tsakanin filta da famfo a duba ko kumfa na wucewa, domin haɗin da ba ya ɗigar da mai yana iya shan iska. A buɗe murfin tanki bayan tafiya: idan ya ja numfashi da ƙarfi, hanyar shaƙar tankin ta toshe. Ga nozul kuma akwai gwajin kwalabe: a cire tiyon da ke mayar da ragowar gas daga kowanne, a sa wa kowanne kwalbarsa, a tayar da inji. Wanda kwalbarsa ta riga saura cika nesa, shi ke zubar da matsin. A Hilux mai injin 2KD ko 1KD akwai wani ɗan bawul a bayan famfon Denso, ana ce masa SCV, wanda ya yi suna wajen maƙalewa da kawo irin wannan sanyi. Ana canza shi shi kaɗai, ba sai an sayi famfo ba.

Sai hanyar fitar hayaƙi, inda motocin da aka ƙera wa Turai suke shan wahalarmu. Dokar hayaƙi a can ta sa an ƙara musu abubuwa biyu. Na farko bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. Kunkuniyar hayaƙin tana haɗuwa da tururin baƙin mai ta zama kwalta a cikin manifol, har hanyar da hannu ke shiga ta koma ta yatsa biyu. Idan kuma bawul ɗin ya maƙale a buɗe, injin hayaƙinsa yake shaƙa maimakon iska. Wankewa ake yi, aikin haƙuri ne, ba na kuɗi ba. Na biyu matatar DPF a salansa, wadda ta zama dole a aikace tun dokar Euro 5 ta 2009. Tana kama kunkuniya, sannan lokaci-lokaci injin ya ɗaga zafin hayaƙi zuwa wajen digiri 600 ya ƙone ta. Wannan ƙonawa tana son doguwar tafiya ba tsayawa, da baƙin mai na musamman marar toka, da gas marar farar wuta. A Turai iyakar farar wuta kashi 10 ne cikin miliyan tun 2009. A lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta na Satumban 2016 kan ƙazamin gas da ake kawowa Afirka, dokar Najeriya tana yarda da 3,000. ECOWAS ta amince da 50 a 2020, kuma matatar Dangote ta fara sayar da gas a 2024, amma motar da ta shekara goma tana shan na da, illar tana jikinta. Ƙara da hanyar da daga wannan shinge sai wancan, da jiran awanni a bakin iyaka inji na kunne saboda sanyin mota. Matatar ba ta samun damar ƙone abin da ta tara, ta toshe, hayaƙi ya rasa mafita, tobo ya kasa juyawa.

Na san abin da ake yi: a yanke tukunyar matatar a farfashe cikinta da rodi a mayar. Na fahimci dalilin mai yi, amma ba na goyon baya. Birenbos yana ci gaba da neman matatar, wani lokaci ya ɗaure injin, wani lokaci ya yi ta zuba ƙarin gas don ƙona abin da babu, gas ɗin ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Hayaƙin da aka saki kuma yaran tasha da masu talla ne ke shaƙa, kuma tun Yunin 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Wanda zai sayi mota don wannan hanya gara tun farko ya nemi wadda aka ƙera wa kasuwar Afirka.

Akwai kuma ɗabi'ar cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi. Injin gas da ba ya kai zafin aikinsa kunkuniya yake yi, kuma ba zai taɓa fara ƙone matatarsa ba. Motar da ke yin sanyi sai da tsakar ranar Afrilu kuwa, a duba lagireto da fanka, domin birenbos yana rage ƙarfi da kansa idan ruwa ko iskar shiga suka yi zafi.

Ko an iso kan tobo, ba kan farfela za a fara ba. Akwai abin da ke sarrafa shi. Wasu suna da 'yar ƙofa da ke karkatar da hayaƙi idan matsi ya isa. Idan ta tsaya a buɗe, matsi ba zai taru ba. Na zamani suna da 'yan fukafukai a kewayen farfelar hayaƙi, masu buɗewa da rufewa. Wata 'yar tukunya mai sanda ce ke motsa su, ita kuma siririn tiyon zuƙar iska ne ke jan ta ta hanyar wani bawul na lantarki, wanda a Volkswagen ake kira N75. Tiyon nan da na ce bai kai kaurin fensir ba, shi ne wannan. Zafi yana busar da shi ya tsage a baki. A tayar da inji a zare shi a mayar, a ga ko sandar tana tafiya sumul daga farko har ƙarshe. Idan tana cijewa, kunkuniya ce ta riƙe fukafukan. A nan ne ake samun motar da ke tafiya lafiya, da an zo wuce tirela sai ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya, a kashe a kunna ya dawo: matsi ne ya wuce ƙima, birenbos ya kare injin. Kwancewa da wankewa yake so.

“A sa mata kwamfuta” shawara ce mai kyau, in an san abin da kwamfutar ke faɗa. Lambar P0299 cewa take matsin tobo ya gaza. Ba ta ce tobo ya lalace ba. Filta, tsagaggen tiyo, EGR, toshewar salansa, duk suna iya haifar da ita. P0234 matsi ne ya yi yawa, P0087 matsin gas ne ya yi ƙasa. Amfanin na'urar na gaske yana wajen fita da mota kan titi, mutum ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon abin da birenbos ke nema da abin da yake samu, na iska da na gas, a ga wanne ke fara gazawa. Wanda zai jona waya ya goge lambobi fitila ta mutu ya karɓi kuɗi, shaidar da za a kama ɓarawo da ita ya share. Direba ya nemi a rubuta masa lambobin a takarda kafin a goge, ko da Katsina ko Maraɗi zai kai motar daga baya.

Idan duk waɗannan sun fita, to a cire bututun gaban tobo, inji a kashe kuma a huce, a haska da tocila. A duba bakin farfelar ko ya ci ko ya karye. A kama kan sandar da yatsu biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, wurin mai ne, muddin farfelar ba ta taɓa jikin gidanta. Motsi ciki da waje da yatsa ke ji, ko shatar gogayya a jikin gidan, ko kuka irin na jiniya, ko mai kwance a intakula ba ɗan jiƙe-jiƙe ba, wannan tobo ya gama. Idan kuma lafiyarsa ƙalau, saura inji kansa: a auna matsin silinda, a duba taimin da saitin bawul, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko yana busa hayaƙi da ƙarfi.

Tobon da ya mutu ma wani abu ne ya kashe shi, kuma idan ba a gano shi ba zai kashe na biyu. Galibi baƙin mai ne: wanda ya wuce lokacin juye, ko na awo da ba a san asalinsa ba, ko bututun da ke kai shi ya toshe da dasƙararren datti, ciwon da injin 1.6 HDi na Peugeot ya yi ƙaurin suna a kai. Sai kashe inji nan take bayan dogon gudu, tobo na jan zafi mai ya daina zagayawa ya ƙone a kan sandar. Minti ɗaya ko biyu a bar shi yana aiki a tsaye ya isa. Lokacin ɗaura wani, ko sabo ko na Baljiyam, a juye mai, a canza filtarsa da ta iska, a canza ko a wanke bututun mai, a ɗura mai a bakin tobon a juya shi da yatsa kafin a tayar. A sauke intakula a zubar da man da tsohon ya tara a ciki, domin injin gas yana iya zuƙar wannan man ya riƙa ci da shi, ya haukace da gudu, a zare makulli ya ƙi mutuwa. Idan haka ta faru a mota mai kuloci, a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya a saki kuloci. Mai otomatik kuwa sai a toshe bakin shigar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba, ba kuma da tsumman da zai iya zuƙewa ba.